Mariri Ya Koma Gida: Kundin Bibiyar Aikin Wadi Rime da Wadi Ashim

Maris 2016

A zauren gidanmu na Tanut akwai wata tsohuwar garkuwa da ke rataye tun ina yaro. Asalinta fara ce, hayaƙi da ƙura suka rine ta, ta bushe ƙamas har in ka ƙwanƙwasa ta sai ka ji kamar ƙyaure. Kakanmu ya ce fatar mariri ce, daga hannun wani Ba'abzine ta shigo gidan. Wata rana na ce masa, "Kaka, ina ake samun maririn?" Ya nuna arewa da haɓa, ya ce, "Nan bayan Damargu. In rani ya kama suka gangaro, sai ka ce fararen zannuwa aka shanya a daji." Ni kam ban taɓa ganin ko ɗaya da rai ba, kuma kusan duk tsararrakina haka suke. Sunan ma ya fara ɓacewa daga bakin yara.

Abin da ya sa na buɗe wannan kundi shi ne labarin da ya zo daga maƙwabtanmu a wannan wata. Jirgin kaya ya taso daga Abu Dabi ya sauka a Abeshe, gabashin Cadi, ɗauke da marirai 25, kowanne cikin akwatinsa. Daga nan aka ɗora su a manyan motoci, aka bi ta Biltin da Arada, aka shiga da su gandun dajin Wadi Rime da Wadi Ashim, inda aka riga aka kafa musu shinge. A cikin shingen za su zauna har damina ta zauna sosai, sannan a buɗe musu ƙofa.

Ga wanda bai san dabbar ba: girmanta ya kai na babban maraƙi, jikinta fari, wuya da ƙirji jajaye kamar an shafa musu jan kunkunniya, ƙahonin kuwa dogaye sirara, sun lanƙwashe baya kamar takobi, tsawonsu ya kan wuce mita ɗaya. Namiji da mace duka suna da ƙaho. A da tun daga Muritaniya har bakin kogin Nilu akwai su. An rubuta cewa a 1936 an ga garke ɗaya a Cadi da aka ƙiyasta ya kai 10,000. Sai mota da bindiga mai jigida suka shigo daji, farin 1973 da na 1984 suka biyo baya, yaƙi ya ƙarasa sauran. A shekarun 1980 aka yi musu ganin ƙarshe, a Cadi da nan Nijar. A 2000 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke bakin ƙarewa, ta rubuta cewa mariri ya ƙare a daji, sai wanda ke tsare a hannun mutane.

Abin mamakin shi ne yadda iri ya tsira. A shekarun 1960 an kama wasu 'yan gommai a Cadi aka sayar wa gidajen namun daji na Turai da Amurka. Da a ce ina nan lokacin, da na kira abin sata. To, jikokin waɗancan ne suka yaɗu, har aka sami dubbai a gandayen kiwo na Teksas da kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda marigayi Sheikh Zayed ya tara su. Hukumar kula da muhalli ta Abu Dabi ta tattaro iri daga Amurka da Turai da nata na gida, ta haɗa garke ɗaya a cibiyar Deleika don jini ya gauraya. Daga wannan garke aka zaɓo 25 ɗin nan. Gwamnatin Cadi ce mai gandu, Abu Dabi ce mai kuɗi da dabbobi, ƙungiyar Sahara Conservation Fund ce ke aikin a ƙasa. Shugabanta, John Newby, ya yi aiki a wannan gandu a shekarun 1970, ya ga marirai da idonsa kafin su ƙare.

An kafa gandun a 1969. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 78,000, wato ya ɗan ɗara jihar Neja ta Nijeriya, kuma babu waya ko katanga kewaye da shi. Nan ne bambancin yake. Tunisiya da Maroko da Senegal sun daɗe da mayar da mariri, amma cikin shinge. Wannan karo daji za a sake shi, inda makiyaya ke yawo da raƙuma da shanu. Burin da aka faɗa shi ne a sami 500 masu riƙe kansu cikin shekara biyar.

Mayu 2016

Ana murna a can, mu nan kunya ta same mu. An fitar da sakamakon binciken da aka yi a Termit da Tin Tumma, can gabashin Nijar, a watan Maris, ta sama da ta ƙasa, ana neman adaks, ɗan'uwan mariri mai murɗaɗɗen ƙaho wanda ya fi shi shiga cikin rairayi. Uku kacal aka gani. Uku! A wurin da duniya ta san shi ne matattarar ƙarshe ta wannan dabba, wurin da gwamnatinmu ta mayar gandu a 2012. Masu binciken sun ɗora laifin kan hayaniyar aikin man fetur na Agadem da farautar da masu tsaron aikin ke yi. Wato a watan da Cadi ke sauke nata daga jirgi, mu muna ƙirga namu da yatsun hannu ɗaya, har da saura.

Agusta 2016

An buɗe shinge. Fiye da 20 sun fita, an riƙe 'yan kaɗan. An jira wannan wata da gangan: ruwa ya sauka, ƙarangiya da guɗe-guɗe sun rufe ƙasa, tafkuna sun cika, dabbar da ta saba a kawo mata abinci a kwano ba za ta sha wahalar neman na bakinta ba a makonnin farko.

Kusan kowanne an ɗaura masa abin wuya mai na'ura, wadda ke aika wa tauraron ɗan'adam inda yake. Masana na cibiyar Smithsonian a Amurka ke karɓar saƙon, su mayar wa masu sintiri a daji, waɗanda ke aiki tare da ƙungiyar nazarin dabbobi ta Landan. Su kuma su hau mota su je su duba da ido: ya yi ƙiba ko ya rame, da wa yake tafiya, me yake ci. An ƙera abin wuyan yadda zai kwance da kansa ya faɗi in lokacinsa ya cika. Akwai kuma lamba a kunne.

Abin da nake jira in gani shi ne ko za su iya tafiya. Mariri na asali matafiyi ne, damina ya yi arewa, rani ya gangaro kudu, yana bin inda hadari ya zuba. Waɗannan kuwa kakanninsu da kakannin kakanninsu a cikin waya aka haife su.

Satumba 2016

An haifi ɗan mariri a daji, na farko cikin kusan shekara 30. Cikin mariri wata takwas ne da 'yan kwanaki, saboda haka uwar da cikinta ta fito daga shinge. Ɗan ba fari ake haihuwarsa ba, launin ƙasa ne da shi, uwar ta kan ɓoye shi cikin ciyawa ta tafi kiwo, ta dawo ta ba shi nono. Ba wanda ya koya wa wannan uwa haka a Abu Dabi. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Janairu 2017

An saki rukuni na biyu, 14. Waɗannan cikin ɗari suka fita, ciyawa ta riga ta bushe, don a gwada a ga wane lokaci ne ya fi dacewa da saki.

Jarrabawar gaske tana gaba, daga Maris zuwa Yuni. Mariri na iya yin watanni bai kai baki ga ruwa ba, amma ba da iska yake rayuwa ba. Ruwansa yana cikin abin da yake ci, musamman kwartowa, gunar dajin nan mai ɗacin tsiya wadda ke yaɗo a kan rairayi. Yana kiwo da dare da asuba lokacin da ciyawa ta ɗan sha raɓa, rana ta take ya nemi inuwar aduwa ko kandili ya kwanta. Jikinsa kuma na iya barin zafi ya hau har kusan digiri 46 kafin ya fara zufa, don kada ya yi asarar ruwa. Duk wannan baiwa ba ta da amfani in babu kwartowar, babu busasshiyar ciyawa a tsaye, babu itacen inuwa. Jirgi na iya kawo dabba cikin yini ɗaya. Aduwar da za ta yi mata inuwa shekaru take ɗauka.

Nuwamba 2017

Haihuwa na ƙaruwa, an kuma saki wani rukuni a daminar da ta wuce. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan kaka shi ne wuta.

Duk wanda ya zauna a Damargu ko Tadres ya san yadda abin yake. Shekarar da ruwa ya yi kyau ita ce shekarar gobara. Ciyawa ta yi tsawo, ta bushe cikin Oktoba, iskar gabas ta taso, tartsatsi ɗaya ya isa. A gandun Cadi yawancin wutar daga motoci take tashi, na 'yan kasuwa da masu zuwa haƙar zinariya a arewa, waɗanda ke ratsa daji ba bisa hanya ba, busasshiyar ciyawa ta maƙale a salansa mai zafi ta kama. Wani lokaci kuma wutar shayi ce da aka tashi ba a kashe ba. Wuta ɗaya na iya lashe abin da ido ba ya iya ganin ƙarshensa cikin kwana biyu, kuma abin da ta ci ba zai dawo ba sai wata damina.

Maganin da ake yi ba wani sabon ilimi ba ne. Tarakta ce ke jan ƙarfe tana kankare ciyawa, a buɗe doguwar hanya fayau wadda wuta ba za ta iya tsallakewa ba, kilomita bayan kilomita, kowace shekara a sake. Aiki ne mai cin gas da taya da haƙuri, ba ya kuma yin kyau a hoto. A ganina shi ne rabin aikin mayar da mariri. Kuma shi ne ɓangaren da makiyayi ke gani ya ce lalle wannan aiki nasa ne shi ma, domin ciyawar da aka tsare raƙuminsa ne zai fara cin ta.

Oktoba 2018

Mummunan wata. Marirai gommai sun mutu cikin 'yan makonni a ƙarshen damina, akasarinsu daga sababbin da aka kawo a bana, wanda shi ne rukuni mafi yawa da aka taɓa kawowa. Ruwa ya yi yawa, sauro da bobuwa da kaska suka yi kaka-gida. Dabbar da ta tashi a busasshiyar ƙasar Larabawa, inda likita ke kewaya ta kullum, jininta bai san waɗannan ƙwari ba, bai san cututtukan da suke ɗauke da su ba. Tsofaffin da suka riga suka yi damina biyu a dajin sun fi jurewa, 'ya'yan da aka haifa a can ma haka.

Na ji masu cewa ai dama an faɗa, kuɗin Larabawa ne ake zubawa a rairayi. Ban yarda da su ba, amma ban kuma yarda da masu cewa ƙaddara ce kawai ba. An yi gaggawa. Nasarar shekara biyu ta sa an ɗauka damina ita ce aminiyar mariri, aka manta cewa damina ce lokacin cuta ga duk mai kofato a Sahel. Kowane Bafillatani ya san wannan, shi ya sa yake ɗaga shanunsa daga fadama in ruwa ya zauna.

Ƙarin da na yi daga baya a kan wannan shafi: gwajin da likitocin dabbobi suka yi ya nuna ba cuta ɗaya ba ce, taron dangi aka yi musu, tsutsar ciki da cututtukan jini da kaska ke kawowa da ƙwayoyin cuta iri-iri, har da zazzaɓin Rift Valley. Wannan na ƙarshe mun san shi. Shi ne ya ɓarke a jihar Tawa a 2016, wajen Cintabaraden da Tasara, ya zubar da cikin dabbobi, ya kashe sama da mutum 30. Cutar da ke jikin akuyar makiyayi ita ce ke jikin mariri, sauro ɗaya ke cizon su. Bayan wannan asara an ƙara tsaurara rigakafi, an sake duba lokacin saki da yawan da ake kawowa a tashi ɗaya.

Nuwamba 2018

Ɗan abin farin ciki daga gida. An ɗauki raƙuman dawa takwas daga Kure, kusa da Yamai, an kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, tafiyar kusan kilomita 800 a mota. Na sa shi a nan ne saboda Gadabeji, da aka kafa a 1955, mariri na cikin dabbobin da aka kafa shi dominsu. Gidan na nan, mai gidan ne babu.

Janairu 2020

Aikin ya shiga zango na biyu, ya kuma faɗaɗa. Adaks 15 da aka kawo daga Abu Dabi a Nuwamba an sake su a wannan wata. Wannan ya ɗan yi mini ɗaci, in faɗi gaskiya, domin a tsakiyar 2019 gwamnatinmu ta sake shata iyakar Termit da Tin Tumma, ta fitar da kusan rabinsa, ɓangaren gabas inda mai yake, wanda kuma nan ne adaks ɗin ke zaune.

A wannan watan ne kuma aka je yankin Manga, yammacin Cadi kusa da iyakarmu, da jirgi mai saukar ungulu, aka kamo barewar dama mata uku aka kawo su sansanin, aka haɗa su da namiji daga cikin gandun. Barewar dama ita ce mafi girma da tsawon wuya a cikin bareyi, kuma waɗanda suka rage a daji duk duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa kaɗan ba, a warwatse a Cadi da Nijar. Ita ba ta ƙare ba tukuna, ana so ne a riga ƙarewar. Ana kuma shirin kawo 'ya'yan jimina mai jan wuya daga gandun Zakuma na kudancin Cadi, irin wadda ake kiwo a Kelle, nan kusa da Gure.

Afrilu 2021

An sanar da rasuwar Shugaba Idriss Déby ranar 20 ga wata, bayan faɗa da 'yan tawaye a lardin Kanem, yammacin Cadi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kanem ba ta da nisa da yammacin gandun, kuma duk wanda ya san tarihin wurin sai gabansa ya faɗi. A tsakiyar shekarun 1970 marirai dubbai ne a wannan gandu, kusan duk abin da ya rage a duniya. Yaƙin basasa ya tsananta a 1978, ma'aikata suka janye. Iyakar da sojojin Faransa suka shata a 1984 a kan layin taswira na digiri 16 tsakaninsu da dakarun Libiya ta cikin gandun ta ratsa. Soja mai yunwa, da mota mai gudu, da bindiga a hannu, ga farar dabba a fili wadda ba ta da wurin ɓuya: ba a yi shekara goma ba aka share su. A wannan karo faɗan bai iso ba, ma'aikata na nan a bakin aiki, kamar yadda suka zauna cikin annobar korona bara.

A gida kuma an maido wa Termit wani ɓangare na abin da aka yanke. Ba duka ba.

Maris 2022

Yau zan daɗe, domin wannan ce maganar da na fi so a fahimta.

Ranar kasuwa na zauna da wani tsohon arɗo a rumfar mai shayi, ina nuna masa hoton mariri a waya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ya san shi, ya gan shi yana saurayi a arewacin Tasker. Na ce, "Baba, me ya kore su, bindiga ce?" Ya ce, "Bindiga ta kashe su, Malam. Amma rijiya ce ta hana su dawowa."

Ya yi mini bayanin da ban taɓa ji daga bakin mai digiri ba. A da ƙishirwa ce mai gadin daji. Makiyayi ya shiga arewa da damina, dabbobinsa na shan ruwan tafki. Tafki ya ƙafe wajen ƙarshen kaka, dole ya juyo kudu inda rijiyoyi suke, ko yana so ko ba ya so. Sai ya bar ciyawa tsaye a bayansa, faɗin ƙasa guda, ba mai taɓa ta sai wanda ke iya rayuwa ba ruwa, wato mariri da adaks da barewa da jimina. Ba doka ce ta raba musu ba, ba sarki ba ne. Da aka zo aka haƙa rijiyar siminti a tsakiyar wannan ƙasa, aka kafa famfon burtsatse, shanu suka zauna shekara cur. Kewayen kowace rijiya, tafiyar yini guda, ƙasa ta zama fili fetal, sai tumfafiya.

Abin da ke faruwa ke nan a Wadi Rime da Wadi Ashim yanzu, har da ƙari. Masu manyan garkuna, waɗanda yawancinsu a birni suke zaune, ba sa ma jiran rijiya. Tanka suke aikawa, ta zuba ruwa a wata ƙatuwar salkar roba da ake shimfiɗawa a ƙasa, garke ya zauna a wurin har sai ya cinye ciyawar ƙarƙaf, a naɗe salka a ƙara gaba. Ƙidayar da Cadi ta yi a 2015 ta sami dabbobin kiwo kusan miliyan 94. A cikin kwaruruka kuma, inda itatuwa suka fi yawa, inda namun daji ke fakewa da bazara, ana sare itace ana buɗe gonaki.

Saboda haka in an ce "farfaɗo da muhalli" a irin wannan wuri, kada mai karatu ya hango 'yan makaranta riƙe da dashen itace a leda ana ɗaukar hoto. Wannan daji ba ya bukatar a shuka masa komai, irin ciyawarsa na kwance cikin rairayi yana jiran ruwa. Abin da yake bukata shi ne a bar wani yanki nasa ba rijiya, ba tanka, ba wuta, ba gatari. Kuma wannan ya fi dashen itace wuya nesa ba kusa ba, domin sai ka kalli mutum mai iyali da dabbobi masu ƙishirwa ka ce masa a nan ba za a haƙa ba. Ba na ganin laifin makiyayin da ya ƙi. Dokar gandun ma ba ta hana shi kiwo ba, kakanninsa a nan suka yi kiwo tare da mariri. Ana ta zama da sarakunan gargajiya da shugabannin makiyaya kan tsarin da zai fayyace inda za a sa ruwa da inda za a bari, da tallafin Tarayyar Turai da Bankin Duniya. Ni dai na fi sa ido kan waɗannan zaman fiye da saukar jirage.

Wani abu da ya kamata a yaba: farautar marirai ba ta zama ruwan dare ba tun da aka sake su. Makiyaya da dama su ke ba masu sintiri labarin inda suka ga garke, musamman yanzu da yawancin dabbobin haihuwar daji ne, ba abin wuya, ba lamba.

Disamba 2023

Ranar 11 ga wata, a taron sauyin yanayi na Dubai, IUCN ta sanar da cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Shekara 23 ke nan da rubuta shi a wancan shafi. Alƙaluman da ta dogara da su: aƙalla manya 140 masu haihuwa a daji, da 'ya'ya 331 da aka haifa zuwa 2021. Masu aikin kuwa na ƙiyasta garken gaba ɗaya ya kai wajen 600 yanzu. Ba saɓani ba ne, IUCN baligai kawai take ƙirgawa, kuma lissafinta ya tsaya a baya. Burin 500 dai an cim masa, ko da yake ya wuce shekara biyar ɗin da aka ɗiba.

Na yi murna, har na kira ƙanena na ce ya sauko da garkuwar nan ya kakkaɓe ta. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Oman ta mayar da farin maririn Larabawa daji a 1982, ya kai wajen 450 a 1996, duniya ta tafa. Sai masu kamawa su sayar suka shiga, gwamnati ta rage gandun da kashi 90 cikin 100 saboda neman mai, garken ya ruguje, a 2007 UNESCO ta soke sunan wurin daga jerin wuraren tarihi na duniya, karo na farko da aka taɓa yi wa wani wuri haka. Duk cikin shekara 25.

Wasu abubuwa biyu na wannan shekara. A Nuwamba an ɗebi adaks 10 daga gandun an kai Ennedi, arewa maso gabas, don kada a tara ƙwai duka a kwando ɗaya. Sannan yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilu ya turo dubban ɗaruruwan mutane gabashin Cadi, har da Wadi Fira, lardin da Biltin da Arada suke. Mutanen nan na bukatar itacen girki da ruwa da wurin kiwo, kuma ba su da laifin komai.

Mayu 2024

Bazarar bana ba a taɓa ganin irinta ba. A Kayes ta Mali zafi ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, cikin azumi, mutane suka yi ta mutuwa a Bamako. Mu ma nan mun ɗanɗana. A gandun, daminar bara ba ta bar ciyawar kirki ba, abin da ya rage dabbobin gida da wuta sun raba. Marirai da adaks sun rame, an yi asara da dama, har ma'aikata suka koma kai wa waɗanda suka galabaita ruwa da abinci.

Na yi ta juya wannan a raina. In dabba ce ta daji, ai fari na cikin rayuwarta, a da ma yana kashe raunana ya bar masu ƙarfi. Amma a da garken dubbai ne, kuma yana da inda zai gudu, ƙasa a buɗe take daga Kanem har Ennedi. Yau ɗaruruwa ne, kuma duk inda suka nufa sun tarar an riga su. Wanda ya toshe wa dabba hanyar gudu ba shi da bakin cewa a bar ta da halinta. Na goyi bayan a ba su ruwan, a bana. In ya zama kowace shekara, to, sunansa kiwo.

Oktoba 2024

Daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ruwan bana ya wuce misali, ambaliya ta shafi kowane lardi na Cadi, sama da mutum 500 sun rasu, gidaje da gonaki sun tafi. Mu ma a Damagaram tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba. Ruwan ya hau arewa har inda aka yi shekaru ba a ga tafki ba.

Ga waɗanda suka tsallake bazara a cikin marirai, daji ya zama shimfiɗa: ciyawa har gwiwa, kwartowa ko'ina, matan da suka rame sun murmure. Masu sintiri na fama da laka, suna kuma duban alamun cuta, domin irin wannan damina ce ta yi ɓarnar 2018. Ƙidayar da za a yi bayan ƙasa ta bushe ita za ta nuna nawa bazara ta ci, nawa damina ta mayar.

Iskar gabas ta fara kaɗawa tun makon jiya. Nan da kwana 20 duk wannan ciyawa za ta zama ƙirare, motocin arewa kuma za su dawo hanya da zarar laka ta ɗauke. Taraktocin sai su riga su fita.